Kwala ko ɗamarar ƙirji: Wanne ya dace da kare mai gajeren hanci?

Na san wasu da sun ga kanun wannan mako za su ce yau kuma mai harhaɗa magunguna ta koma likitar dabbobi. Ku yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe. Dabbar da ke kwana a gida ɗaya da 'ya'yanmu, lafiyarta da tasu a haɗe suke, kuma maganar ma a kan teburin sayar da magani ta same ni.

Wata Asabar ce cikin watan Maris, zafi ya kankama. Wata baiwar Allah daga Kagarko ta shigo kantin maganin da nake aiki, tana riƙe da hannun ɗanta da bai wuce shekara tara ba. Bayan mun gaisa ta ce maganin tari take so, mai ƙarfi. Na ce, "Yaya, na babba ne ko na yaro?" Sai ta yi shiru tana murmushi. Yaron ne ya amsa: "Anti, na Bingo ne."

Ashe ƙanin maigidanta ne da ke aiki a Abuja ya kawo musu ajiyar wani ɗan kare irin wanda ake kira Pug, ya yi tafiya. Ta buɗe waya ta nuna mini bidiyonsa. An ɗaure shi da sarƙa a gindin mangwaro, yana ja, sarƙar tana shaƙe shi, yana wani irin gurnani kamar mai minshari alhali idonsa biyu. Harshensa a waje, ya fara sauya launi. Ta ce sau biyu ke nan yana faɗuwa, sai an zuba masa ruwa yake farfaɗowa. Ina cikin kallon ne idona ya kai kan babban yatsan yaron, na ga an naɗe shi da filasta. Na tambaya. Aka ce jiya ne da karen ya faɗi, ya je zai sassauta masa sarƙa, sai ya kai masa cizo. Na ce ina katin rigakafin karen? Ba wanda ya taɓa ganinsa.

Ban sayar mata da maganin tari ba. Ranta ya ɗan ɓaci, har ta ce, "To Malama, ke ba ciniki kika fito ba?" Na ce ciniki na fito, amma asibiti za su fara zuwa da yaron yanzu, karen kuma matsalarsa tana wuyansa. Abin da na yi mata bayani a gurguje ranar shi ne zan shimfiɗa muku yau.

Yadda irin waɗannan karnuka suka iso gidajenmu

Kare ba baƙo ba ne a Kudancin Kaduna. Daga Jere zuwa Kagarko, Kwoi har Kafanchan, akwai karen gadi a gidaje, akwai na mafarauta, akwai na makiyaya, akwai mai bin manomi gonar citta. Duk waɗannan karnukan gida ne masu dogon baki da siririn jiki, sun saba da ranarmu da ruwanmu. Ƙaramar Hukumar Kagarko kuwa tana maƙwabtaka da Abuja ta ɓangaren Bwari, ga babbar hanyar Kaduna, ga tashar jirgin ƙasa a Jere tun 2016. Abin da ake yayi a Abuja ba ya daɗewa bai iso ba. Haka karnukan Turawa suka shigo, wani ya saya, wani kyauta aka ba shi, wani kuma ajiya aka bar masa kamar baiwar Allahn nan.

Cikinsu akwai masu gajeren hanci da bajajjiyar fuska. Ƙananan su ne irin su Pug, French Bulldog, Shih Tzu, Pekingese da Lhasa. Manyan kuma akwai Bulldog na Ingila, Boxer da Bullmastiff. Shi ma Boerboel, wanda ake yawan ajiyewa don gadi, bakinsa bai kai na karen gida tsawo ba, ga nauyin jiki. Matsalar ita ce yawancinmu yadda muka ga ana yi wa karen gida haka muke yi musu: igiya ko sarƙa a wuya, a ɗaure a bakin ƙofa.

Me ke faruwa a cikin wannan gajeren hanci?

Ɗan Adam ne ya yi ta haɗa auren waɗannan karnuka shekara da shekaru har ƙashin fuskarsu ya gajarce. To amma naman da ke ciki bai ragu daidai da ƙashin ba. Ki kwatanta da kayan ɗakin amarya na ɗaki uku da aka cusa a ɗaki ɗaya. Kayan suna nan, wurin wucewa ne babu.

Ƙofofin hancin sun tsuke, wani ma kamar an tsaga da reza. Naman da ke bayan ganɗa ya yi tsawo, yana kaɗawa a bakin maƙogwaro duk lokacin da aka ja numfashi, shi ne wannan minshari da kuke ji. Harshen ya yi wa bakin girma. A wasu, musamman Bulldog, shi kansa bututun iskar da ke gangarawa huhu siriri ne tun haihuwa. Masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila, waɗanda suka daɗe suna auna numfashin irin waɗannan karnuka, sun samu cewa kusan rabin Pug da French Bulldog da Bulldog ɗin da suka gwada suna fama da wahalar numfashi a matakin da ya zama cuta. Sun kuma lura cewa ƙiba da kaurin wuya suna ƙara tsananta ta.

Don haka minsharin da yara ke yi wa dariya alama ce ta karen yana kokawa da iska. In mutum ne ke numfashi haka da rana tsaka, da tuni an kai shi asibiti.

Sai kuma zafi. Kare ba ya gumi kamar mu, in ban da kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jikinsa, iska ta bi ta kan damshin da ke cikin hanci da baki ta kwashe zafin. Mai dogon hanci yana da fili mai faɗi na yin wannan aiki, mai gajere kuwa ɗan kaɗan gare shi. In ya ji zafi sai ya ƙara haki, hakin ya kumbura naman maƙogwaro, hanya ta ƙara tsukewa, zafin ya ƙaru. Wani bincike da aka buga a 2020 a kan bayanan asibitocin dabbobi na Birtaniya ya nuna Bulldog ya ninka karen Labrador kusan sau 14 wajen haɗarin bugun zafi, French Bulldog kimanin sau 6, Pug kuma kimanin sau 3. A ƙasar sanyi ke nan. Sai ku auna da bazarar Kagarko, ko ranakun farkon damina da iska ke yin nauyi da damshi, hakin ma ba ya sanyaya jiki yadda ya kamata.

Abin da kwala ke yi wa wuya

Kwala, wato maɗaurin da ake zagaya wa kare a wuya, ko na fata ne ko na roba ko na ƙarfe, tana zaune ne daidai kan maƙogwaro da bututun iska da jijiyoyin da ke kai jini ka su dawo da shi. Duk lokacin da kare ya ja, ko kai ka fizgo shi, ƙarfin gaba ɗaya a wannan ɗan wuri yake sauka. Ga mai lafiyayyen hanci abin takura ne. Ga wanda dama da kyar iska ke shiga, ɗan matsi kaɗan ya isa ya jawo tari, kakarin amai, ko suma.

Akwai kuma ido. Kwarmin idon waɗannan karnuka ba shi da zurfi, shi ya sa idanunsu suka firfito. In aka matse jijiyoyin wuya, jini yana taruwa a kai. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006 ya auna ƙarfin ruwan cikin idon karnuka yayin da ake jan su, aka ga yana hawa idan da kwala aka ja, da ɗamarar ƙirji kuwa bai yi wannan hawan ba. Likitocin dabbobi sun san cewa a Pug da Pekingese da Shih Tzu mummunar shaƙa ko fizgar fatar ƙeya tana iya sa ido ya fito daga gurbinsa ɗungurungum.

Matsala ta uku ta tsaro ce. Wuyan Pug ko Bulldog kusan kaurinsa ɗaya da kansa. In ka sassauta kwala don ya sha iska, da ya ja da baya sai ta zame ta kai, ya fita titi inda masu acaɓa ke gudu, ko ya shiga cikin yaran maƙwabta. In ka matse don kada ta zame, ka shaƙe shi. Babu tsakiyar da za ka tsaya.

Sarƙar zarge, wadda ke ƙara matsewa in an ja, da kwala mai ƙayoyin ƙarfe ta ciki, waɗannan kam kada su kusanci wuyan kare mai gajeren hanci, ko da mai horar da karnuka ne ya kawo su.

Ɗamarar ƙirji

Ita wannan ɗamara, masu sayar da kayan dabbobi suna kiranta hanes, tana zagaye ƙirji da kafaɗu ne, zoben da ake maƙala igiya yana kan gadon baya. In kare ya ja, ƙarfin yana bazuwa a ƙashin ƙirji da haƙarƙari, wuya ya huta. A taƙaice, in za a fita da kare mai gajeren hanci da igiya, a ɗamara za a maƙala ta. Wannan ita ce amsar tambayar da ke kanun rubutun. Sai dai ɗamarar ma iri-iri ce, kuma wadda aka sa ba daidai ba tana iya komawa kwala.

Wadda ta fi dacewa ita ce mai rassa biyu da suka sauko ta kan kafaɗu suka haɗu a tsakiyar ƙirji, sannan reshe ɗaya ya bi ta tsakanin ƙafafun gaba ya haɗu da bel ɗin da ya zagaye jiki. In ka tsaya a gaban karen za ka ga siffar gwafa. Mahaɗar rassan ta zauna a kan ƙashin ƙirji, wanda za ka ji shi da yatsa a ƙasan wuya. In ta hau sama da nan, maƙogwaro take dannawa.

Akwai wadda kare ke taka ƙafafunsa a ciki a ɗaga a ɓalle ta baya. Tana da amfani ga mai ƙaton kai da ba ya son a zura masa abu ta fuska, amma wasu karnukan suna iya zamewa daga cikinta. Akwai kuma mai kama da 'yar shara, wadda ke rufe ƙirji da baya da yadi. Kyanta a ido ne. A yanayinmu, in yadin mai kauri ne, rigar sanyi ka sa wa dabbar da dama zafi ke neman kashewa. In za a saye ta, a nemi mai raga-raga marar nauyi. Wadda bel ɗinta ya gitta a miƙe ta gaban kafaɗu kuma takan hana ƙafa miƙewa, kuma takan zamo sama ta koma wuya.

Ga babban kare mai yawan ja kamar Boxer ko Boerboel, a nemi mai zobe biyu, ɗaya a baya ɗaya a gaban ƙirji. In aka maƙala igiya a na gaba, da ya ja sai jikinsa ya juyo gefe, ƙarfin ya ragu.

Awo kafin saye

Kada a saya da ido ko a ce "ba ni ta ƙaramin kare." Jikin waɗannan karnuka kamar tulu yake, ƙirji faffaɗa, jiki gajere, shi ya sa lambar da ke jikin leda takan yaudari mutum. Uwargida, ɗauko tef ɗin tela. Ki auna zagayen ƙirji a inda ya fi faɗi, bayan ƙafafun gaba. Ki auna gindin wuya inda ya haɗu da kafaɗu. Ki rubuta a takarda da santimita, a tafi da ita kasuwa, ko a aika wa wanda zai sayo daga Kaduna, Jos ko Abuja.

In an sa masa, a duba abubuwa huɗu. Yatsu biyu su shiga ƙarƙashin kowane bel ba tare da ƙoƙari ba, amma hannu gaba ɗaya kada ya shiga. Bel ɗin jiki ya bar tazara tsakaninsa da hammata, don kada ya goge fata. A ɗan ja igiyar a hankali a ga ko gaban ɗamarar zai hau wuya. Sannan a cikin gida, ƙofa a rufe, a gwada jan shi ta gaba alhali yana tirjewa, a ga ko zai iya zamewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwikwiyo kuma girma yake, a riƙa sake awo duk wata.

In ta kanti ta yi tsada ko ba a samu ba, baduku ko mai gyaran jaka zai iya ɗinkawa. A nuna masa hoto, a ba shi awo. Ya yi amfani da bel mai faɗi irin na jakar goyo, ya sa soso mai laushi a wurin ƙirji, zoben ya zama na ƙarfe da aka like bakinsa da walda, ɗinkin kuma ya maimaita shi a duk mahaɗa. Igiyar nailan siririya ko wayar lantarki ba ɗamara ba ce, yanka fata take yi.

Wasu karnukan sukan ƙi ta da farko. A ajiye ta kusa da kwanon abincinsa kwana biyu, a sa masa na minti kaɗan a cikin gida ana ba shi ɗan abin da yake so, a riƙa ƙara lokaci. Duka ba ya koya wa kare komai sai tsoro, kuma tsoro yana ƙara masa haki.

Abin da ɗamara ba za ta yi ba

Ba ta warkar da tsukakken hanci. Cire nauyi kawai take yi daga inda ciwon yake. Kuma ba a barin ta a jiki dare da rana. Da an dawo a cire, a duba hammata da ƙirji, domin kaska da ƙuma suna son ɓuya a ƙarƙashinta, da damina kuma jiƙaƙƙen bel yana jawo ƙuraje da gyambo. A wanke ta da sabulu, ta bushe kafin a mayar.

Tana kuma ba babban kare damar ja da dukan ƙirjinsa. Saboda haka kada a miƙa wa yaro igiyar karen da ya kusa kai shi nauyi. Ya ga akuya ko kaza ya zabura, yaron ne zai sha ƙasa.

Ita kwala ba a jefar da ita ba. Aikinta ya koma ɗaukar lambar wayar mai gida da shaidar rigakafi. Ta zama marar nauyi, mai faɗi, a sake, kuma ba a maƙala mata igiya.

Maganar ɗauri a gindin bishiya kuwa, mafi alheri a daina. A kewaye masa wuri mai inuwa da iska, da ruwan sha a kwanon da ba zai kife ba. Kejin da aka rufe da kwano aka ajiye a rana tanda ce. Fita yawo kuma da sanyin safiya ko bayan faɗuwar rana. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta ko siminti, in ba za ka iya jurewa na daƙiƙa biyar ba, ƙafarsa ma ba za ta iya ba. Takunkumin yadi da ke ɗaure baki ruf shi ma haɗari ne, domin ya hana haki ke nan.

Ranar da ya faɗi

Zafin jikin kare lafiyayye yana tsakanin digiri 38 zuwa 39 da ɗan kai a ma'aunin Selshiyos. In ya haura 41 ana cikin haɗari. Alamomin su ne haki mai ƙara da ba ya tsayawa, miyau mai kauri, tangaɗi, amai, da harshe ko dasashi da ya koma jajawur ko shuɗi-shuɗi. A cire duk abin da ke jikinsa, a kai shi inuwa, a riƙa kwarara masa ruwan sanyi a wuya da ciki da cinyoyi ana yi masa fifita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul a bari, yana riƙe zafi. Kada a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe. A fara sanyaya shi tukuna, sannan a garzaya wurin likitan dabbobi ko da ya farfaɗo, domin ɓarnar da zafi ke yi wa ƙoda da jini takan bayyana daga baya.

Babba ne zai yi wannan aiki, yara su matsa. Dabbar da numfashi ya ƙwace wa ba ta san mai gidanta ba.

Abin da ke cikin akwatin maganinku

Nan ne fagena. Minsharin waɗannan karnuka ba mura ba ce, maganin tari ba zai buɗe hancin da aka haifa a tsuke ba. Da yawa daga magungunan tarin mutane suna ɗauke da sinadarin da ke sa barci, shi kuma yana saki naman maƙogwaro ya ƙara toshe hanya. Haka ƙwayoyin barci da wasu ke ba kare don ya yi shiru a mota.

Ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare su lalata ƙoda. Paracetamol in ya wuce ƙima yana lalata hanta da jini, ga kyanwa kuwa ko kaɗan ne kisa yake. Dexamethasone da prednisolone, in aka ɗauki lokaci ana bayarwa barkatai, suna ƙara haki da ƙiba, abubuwa biyun da ake gudu. Kowane magani sai likitan dabbobi ya auna nauyin karen ya rubuta.

Sai maganin kaska. Masu yi wa kare wanka da Sniper ko ota-fiya-fiya su ji tsoron Allah. Gubar da ke cikinsu tana shiga ta fata, tana cika hanyar numfashi da majina da miyau, kuma yaron da ya rungumi karen ya ɗebi rabonsa. Akwai kwalar da aka yi musamman don kashe kaska. Ita ma magani ce: a sa ta a sake, a yanke bakin da ya yi saura a jefar inda yaro ba zai samu ba, a wanke hannu bayan taɓa ta, kuma ba ita ake ja da igiya ba.

Yatsan yaron

Mu koma kan abin da ya fi tayar mini da hankali ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya. Har kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗauka, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamomi sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira. Kafin su bayyana kuwa, allura tana hana shi.

Akwai wani abu da ya kamata kowane mai kare ya sani. Ba kowane mahaukacin kare ke bin mutane da gudu ba. Wani nau'in ciwon shanye maƙogwaro yake yi, sai ka ga kare baki a sake, miyau na zuba, yana kakari kamar ƙashi ya maƙale masa. Mai gida ya ce shaƙewa ce irin wadda ya saba, ya zura hannu. Karen da ba a tabbatar da rigakafinsa ba, kada kowa ya sa masa hannu a baki.

In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, a duba agogo. A shafa aidin in akwai. Ba toka, ba barkono, ba man birki, ba ƙonannen gashin karen. A tafi asibiti a ranar. Ma'aikatan lafiya su ne za su yanke hukuncin allurar haukan kare da ta tetanus, da wata ta musamman da ake yi a bakin rauni mai zurfi. In an fara allurar a kammala ta a ranakun da aka rubuta. A matsayina na mai ajiye irin wannan allura, ina ƙara muku da cewa tana buƙatar sanyin firji na digiri 2 zuwa 8. Wadda aka ciro daga aljihu ko daga kan kanta, a bar wa mai ita. Karen kuma kada a kashe shi ko a sayar, a killace shi kwana 10 likitan dabbobi yana dubawa.

Rigakafin kare ana farawa ne yana ɗan wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ba ta da nisa sosai da Kafanchan, tana cikin masu samar da ita. A tambayi ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma. Ranar 28 ga Satumbar kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, sai ta zame muku abin tunawa da duba katin karenku.

Kafin a saya

Wanda bai riga ya saya ba, ya yi lissafi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda abin ya tsananta masa a cikinsu sai an yi masa tiyata, a faɗaɗa hanci a rage naman bayan ganɗa, kuma irin wannan aiki sai manyan wurare kamar asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko asibitocin dabbobi na manyan birane. Wani bincike na 2010 a Birtaniya ya samu cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwar Bulldog da French Bulldog ta hanyar tiyata ake yi, saboda girman kan 'ya'yan. Ƙasar Holan ma tun 2019 ta fara aiwatar da dokar hana haɗa auren karnukan da hancinsu ya gajarce fiye da ƙima. In gadi ake nema, karen gida da aka yi wa rigakafi aka ciyar da shi ya fi dacewa da ƙasarmu nesa ba kusa ba.

Wanda kuma ya riga ya shigo hannunka, amana ce. Musulminmu da Kiristanmu duk an koya mana tausayin dabba, kuma ba a ɗaure rai a bar shi yana neman iska. A rage masa ƙiba har ka iya jin haƙarƙarinsa da tafin hannu. A daina zuba masa ragowar tuwo da ƙashin miya duk lokacin da ya kalle ku.

Bayan kamar mako shida baiwar Allahn nan ta dawo sayen maganin hawan jinin surukarta. Yaron ya kammala alluransa. An samu mai karen a waya, ashe rigakafin ya wuce lokacinsa da watanni, an sake yi. Wani mai gyaran jaka ya ɗinka musu ɗamara, an kewaye wa karen wuri a bayan kicin inda inuwa take. Na tambayi yaron ko Bingo ya daina minshari. Ya ce, "Yana yi Anti, amma bai ƙara faɗuwa ba." Mahaifiyarsa ta ce sarƙar kuma tana nan, da ita suke kulle janareta.